Kwana Talatin na Kawu Hammadu

Karu, Abuja
2 ga Satumba

Ƙanena Ikrama,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya karatu, ya asibiti? Mu nan sai godiyar Allah. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zuwa kasuwar Karu da kanta, ka san ta da kunnen ƙashi. Abban Zuhra yana gaishe ka. Zuhra kuma ta ce in tambaye ka ko da gaske ne ka iya cin shinkafa da tsinke.

Tunda ƙasar nan taku ta Sin ta toshe mana hanyar hira ta waya, yau ta shiga gobe ta ƙi, na zauna a ofis na rubuto maka imel irin na mutanen da. Ka gyara zama, albishir ne. Kawu Hammadu zai zo wurinka.

Ƙungiyar masu nono ta rugagen bayan Mpape ce ta zaɓe shi ya je ya duba injin sanyaya madara. Ka san matsalarsu, kafin a sauko da nono daga kan dutsen nan a kai gidajen Maitama, rabi ya yi tsami. Da aka bincika sai ga shi kamfanin injin a garinku yake. Yahuza, mai kayan waya na Wuse, shi zai riƙe hannunsa har Guangzhou, daga nan ya saka shi a jirgin ƙasa zuwa wurinka. An ba shi biza makon jiya, za su tashi ranar sha huɗu.

Ba sai na tuna maka ba, tun rasuwar Baba, yayan Inna ɗin nan shi ne ubanmu. Mutumin da bai taɓa wuce Lokoja ba ne zai hau jirgi ya ƙetare duniya. Yana ta cika baki a ruga wai zai je ya ga ɗansa likita. Na ce masa da saura, ya ce wanda ya shekara biyar yana abu ai ya gama.

Ka rubuto mini duk abin da ya kamata ya sani: me zai ɗauka, me zai ci, yaya mutanen garin suke da baƙo. Zan karanta masa da bakina.

Addarka,
Saudatu

*

6 ga Satumba

Adda Saudatu,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya lau. Yanzu a sashen yara nake, saura wata tara in karɓi takardata in Allah ya yarda. Ki gaishe da Inna da Abban Zuhra. Ki ce wa Zuhra da tsinken har gyaɗa nake ɗauka.

Wallahi na yi murna. Shekara biyar ban ga fuskar ɗan gida ba sai a waya.

Ga shawarata. Kada Kawu ya zo da kilishi ko man shanu, a filin jirgi za a karɓe. Sandarsa ma ya bar ta a gida, ba za ta wuce na'urar bincike ta tashar jirgin ƙasa ba. Ya zo da butarsa. Kuɗin takarda ba kowa ke karɓa ba, komai da waya ake biya, wannan ni zan ji da shi. Abinci kuwa, duk shagon da ya ga allo kore da rubutun Larabci, na Musulmin ƙasar ne masu taliya, ya ci hankali kwance. Ruwan sha da zafinsa suke kawowa, kada ya ɗauka wulaƙanci ne.

Sai maganar kallo, ki shirya masa zuciya. A Guangzhou babu mai ɗaga kai ya dube shi, baƙar fata ta cika gari. Nan kuwa gaba ɗayanmu ba mu kai arba'in ba. Yara za su nuna shi da yatsa. Tsofaffi za su ɗauke shi hoto ba sallama ba izini, wata ma ta murza hannunsa ta duba yatsanta. Yawancin wannan ba ƙiyayya ba ce, rashin sabo ne, kamar yadda yaran ruga ke bin Bature. Amma akwai wanda ba rashin sabo ba. Mai tasi zai rage gudu, ya gan ka da kyau, ya taka mota. Wata za ta fasa shiga lifta don kana ciki. Ni na daina ƙirga irin wannan tun shekarar farko, sai dai Kawu bai saba a raina shi ba.

Yanzu abu biyu masu nauyi, Adda, don Allah ki karanta su sau biyu.

Na farko masauki. Ba kowane otal ke karɓar baƙon waje ba, amma na san ɗaya kusa da asibitinmu da yake karɓa, kuma su da kansu suke kai sunan baƙo ga hukuma. Ina ganin nan ya fi. Idan kuwa a ɗakina zai sauka, doka ta ce kafin ya kwana ya wuni sai na kai shi ofishin 'yan sandan unguwa da fasfonsa an rubuta sunansa. Aikin minti ashirin ne, amma ba a wasa da shi. Takardar zamana a ƙasar nan a kan irin wannan take rataye, kuma makaranta ta sa mun sa hannu.

Na biyu, ki ɗauko mini hoton shafin bizar in gani da idona.

Ƙaninki,
Ikrama

*

Karu, Abuja
10 ga Satumba

Ikrama,

Bayan gaisuwa, kowa lafiya, sai ruwa da ya hana mu sakat. Hanyar Nyanya jiya awa uku muka yi a kanta.

Otal, Ikrama? Kawu Hammadu a otal, kana gari da ɗakinka? Na karanta wa Inna wannan layin, ta ajiye tsintsiya ta ce, "Ashe Sin ɗin har kunya take cinyewa." Mutumin da muka kwana shekara shida a bukkarsa, ya bar mana gadonsa ya koma tabarma? Na yi maka rufin asiri ban karanta masa ba. A ɗakinka zai sauka, magana ta ƙare.

Sauran shawarwarin na karanta masa tsaf. Ya yi dariyar ruwan zafi. Sanda ce ta ba mu wahala, ya ce Bafulatani ba sanda ai tsirara yake, amma ya haƙura.

Zancen 'yan sanda ma na tsallake shi, kuma ka san dalili. Shekararsa sittin da uku, abin alfaharinsa ɗaya a duniya shi ne ƙafarsa ba ta taɓa taka caji ofis ba, duk da rigimar gona da shanun da aka sha a ƙasar nan. Idan na ce masa daga sauka sai wurin 'yan sanda, wallahi fasa tafiyar zai yi. Idan ya iso ka lallaɓa shi, kai namiji ne, za ka san bakin zaren.

Biza kuwa na duba ta ranar da aka karɓo. Shekarata goma sha tara ina karanta fayil a ma'aikata, darakta ba ya sa hannu sai abin ya bi ta teburina. An rubuta 28 ga Nuwamba ɓaro-ɓaro, wata uku ke nan. Hoto ba zai samu ba, don Kawu ya karɓe fasfonsa ya cusa a jakar fata ya rataya a wuya, ni kuma ba zan hau dutsen Mpape cikin wannan ruwan saboda hoto ba. Ka yarda da Addarka.

Ka tare shi a tasha ranar sha bakwai. Ka sayo bargo.

Saudatu

*

28 ga Satumba

Adda,

Sallama da fatan kowa lafiya. Kawu ya iso lafiya, yana cin abinci, yana shan maganin hawan jininsa. Da na hango shi a tasha cikin babbar riga da malfa, mutane sun kewaye shi da wayoyi, sai da hawaye ya zubo mini. Shi kuwa hannu yake ɗaga musu kamar ɗan takara.

Garin ya karɓe shi fiye da yadda ya karɓe ni. Mai taliyar layinmu ya rungume shi ranar farko, babu mai jin yaren wani, sai salamu alaikum da alhamdu lillahi, amma kullum sai ya ƙara masa nama. Akwai wata tsohuwa a gidanmu mai ɗaura jan ƙyalle a damtse, ita ke zama a bakin ƙofa tana lura da shige da fice, aikinta ke nan a unguwa. Shekara biyu ba ta taɓa yi mini murmushi ba. Yanzu ita da Kawu suna zaune a benci ɗaya suna ɓare 'ya'yan kabewa, yana nuna mata hotunan shanunsa.

Sau ɗaya ransa ya ɓaci. Wata mata ta janye ɗanta da muka shiga bas, ta rufe hanci. Ya tambaye ni me ya faru, na ce mura take yi. Ya dube ni ya ce, "Ikrama, na girmi wannan ƙaryar."

Adda, ban kai shi rajista ba. Washegarin zuwansa na ɗauko maganar a hankali bayan mun karya.

Ya ce, "Me na sata?"

Na ce, "Kawu, ba laifi ba ne, suna kawai ake rubutawa."

Ya ce, "Sunan mutumin kirki ba ya shiga littafin ɗan sanda. In ɗakinka ne ya yi maka kaɗan ka faɗa mini, masallaci ba ya korar baƙo."

Na bar maganar. Na ce gobe zan sake gwadawa, goben ta zama jibi, yau kwana goma sha ɗaya. Yanzu ko ya yarda, sai na amsa tambayar me ya sa muka makara. Na roƙe shi in ga fasfon, ya dafa ƙirji ya ce Saudatu ta karanta, wata uku ne, ko na fara ƙirga masa kwana? Kin san a gidanmu ba a tambayar baƙo ranar tafiya, balle kawu.

Mun je kamfanin. Sun ce injin sai nan da mako shida, ga hutun ƙasa na mako guda ya shigo ciki. Yahuza ya gama sarinsa zai koma. Kawu ya ce shi bai taɓa sayen saniyar da bai ga tafiyarta ba, yana nan sai an kunna injin a gabansa.

Don girman Allah ki sa Inna ta kira shi gida. Ta ce wani abu ya taso a ruga, ko me ma. Ni zan je in ga injin in ɗauko masa bidiyo. Duk sanda aka ƙwanƙwasa ƙofa sai in ce 'yan sanda ne.

Ikrama

*

Karu, Abuja
22 ga Oktoba

Ikrama,

Muna lafiya. Ka yi haƙuri da shirun, an tura mu bita Lokoja mako biyu, muna dawowa muka tarar an yanke intanet ɗin ofis. Sai jiya na buɗe wasiƙarka, kuma da na sani ban buɗe ta da safe ba, don ta ɓata mini wuni.

Na karanta doguwar kwanar da ka yi, da bas da benci da mai taliya, sai a ƙasa na tarar da abin da kake son faɗa: a kira shi gida. Kwana goma sha ɗaya kacal ka gaji. Har ka shirya wa Inna ƙaryar da za ta yi wa yayanta. To ban gaya mata ba, kuma ba zan gaya mata ba. Baƙo raɓa ne, Ikrama, kai ne za ka ji kunya in rana ta ɗaga.

Kawu ya samu Yahuza a waya kafin ya taso, ya aiko a ɗaga masa tikiti. Ni da kaina na je wurin ejan mai sayar da tikitin na mayar da shi 25 ga Nuwamba, kwana uku kafin bizar ta cika. Ka ga komai a tsare yake.

Rajistar nan da ta tsaya maka a rai, ni na san halin gwamnati ciki da bai. Rabin dokokin da ake rubutawa don a cika fayil ne. Dattijon da ke zaune da tsohuwar unguwa suna cin 'ya'yan kabewa, wa zai kama shi? Tun kana yaro haka kake, ko kaza ta yi tari sai ka ce annoba.

Ka sayo masa rigar sanyi mai kauri, na ji an ce sanyinku ya fara. Ka gaishe shi, ka ce masa jar saniyar ta haihu, mace.

Addarka

*

8 ga Nuwamba

Adda Saudatu,

Ina fata kuna lafiya. Ni lafiyar jiki ƙalau. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Kawu yana tsare tun shekaranjiya.

Ranar Alhamis da ƙarfe tara na safe 'yan sanda suka zo, su biyu, da tsohuwar nan a bayansu. Ba su ɗaga murya ba, har leda suka saka a takalmansu kafin su taka ɗakina. Daga baya na ji yadda aka yi. Unguwa tana raba wa tsofaffi kayan sanyi, ita kuma ta je ta saka sunan abokinta, aka duba littafin gidan babu shi. Aka tambaye ta tun yaushe yake nan, ta faɗi gaskiya. Da za a fita da shi tana tsaye a bakin ƙofa tana share ido.

Suka ce fasfo. Kawu ya dube ni, na ce ya bayar. Ranar ce na fara ganin shafin. Adda, 28 ga Nuwamba ranar ƙarshe ce da zai iya shigowa ƙasar. A layin da ke ƙasa an rubuta kwanakin da zai zauna bayan ya shigo: talatin. Sun cika tun 15 ga Oktoba. Ya zarce da kwana ashirin da biyu, a ɗakina, ba rajista.

A ofishinsu ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi ɗaga ƙafa, sai da na riƙe hannunsa muka shiga tare. Sun yanke masa kwana goma, daga nan a saka shi a jirgi. Na roƙa sun karɓi maganinsa, na rubuta musu da yarensu cewa ba ya cin alade. Da za a wuce da shi ciki abu ɗaya ya ce mini, "Kada ka gaya wa uwarku."

Nawa laifin sunansa ɓoye baƙo. Jiya jami'ar ɗaliban waje ta makarantarmu ta kira ni, mace mai kirki, Lucy muke ce mata. Ta rufe ƙofa ta ce za a nemi in rubuta bayani, kuma kwamiti zai zauna a kaina. Ta ce idan na rubuta cewa na umarce shi ya yi rajista ya ƙi, na nemi fasfo ya hana ni, mai yiwuwa a tsaya a gargaɗi. Na ce to shi fa? Ta ce kwafin takardar zai shiga fayil ɗinsa, kuma wanda ya ƙi bin doka da gangan ba ɗaya yake da wanda bai sani ba, ana iya ƙara masa kwanaki.

Duk abin da ta ce in rubuta gaskiya ne, kin sani. Amma na auna jininsa da safen da aka tafi da shi, na ga abin da na gani. Ba zai iya wata guda a ɗakin nan ba.

Na rubuta cewa ban taɓa gaya masa dokar ba, ban nemi fasfonsa ba, dattijo ne da bai iya karatun boko ba, ni na san doka na yi sakaci. Na riga na miƙa.

Ikrama

*

Karu, Abuja
10 ga Nuwamba

Ikrama ƙanena,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Inna lafiya, ba ta san komai ba.

Ni ce. Na buɗe fasfon a tsaye a bakin ofishin biza, na ga kwanan wata na rufe, ban ko kai idona layi na biyu ba. Ka ce in turo hoto na yi maka gorin shekara goma sha tara. Ka ce a kira shi gida ranar 28 ga Satumba, lokacin da saura kwana goma sha bakwai, ni kuma na zo bayan mako uku ina zaginka da rashin kunya. Tun safe nake karanta wasiƙata ta ƙarshe ina jin kamar in tsaga ƙasa in shige.

Na je wurin wani oga da na sani a harkar ƙasashen waje. Ya saurare ni, ya ce, "Madam, sorry fa, amma wannan ba case ɗin da za mu shiga ba ne. Law ɗin ƙasarsu ne, yaron kuma ya riga ya yi signing." Na fito na zauna a matakala.

Ina roƙonka don Allah ka koma wurin Lucy ka karɓo takardar. Ko ka jira Kawu ya hau jirgi ka rubuta wata. Ka saka sunana, ka ce yayarka ce ta karanta bizar ba daidai ba, ga wasiƙuna a hannunka shaida, a fassara musu. Shekara biyar da ɗoriya, Ikrama. Kada ka zubar da su don kunya, kunyar nan ita ta kawo mu inda muke.

Ka amsa mini yau.

Saudatu

*

3 ga Disamba

Adda,

Sallama. Ina lafiya. Na ji daga Yahuza cewa Kawu ya sauka Abuja ranar sha takwas da ƙafafunsa, alhamdu lillahi. Kwana goman kawai ya yi, ba a ƙara masa ko ɗaya ba.

Ki yafe mini shirun, ba fushi ba ne. Ban da abin faɗa ne sai an yanke.

Na bi shawararki. Bayan jirginsa ya tashi na rubuta bayani na biyu, na haɗa da wasiƙunki. A gaban kwamiti wani farfesa ya ɗaga takardun biyu, ɗaya a kowane hannu, ya tambaye ni wacce ce ƙarya. Na ce ta farko. Ya ce me ya sa? Na ce ɗan'uwan mahaifiyata ne, shi ya raine ni. Ya gyaɗa kai, ya ce su ma sun san girman dattijo, kuma da shi ne mai yiwuwa abin da zai yi ke nan. Sannan ya ce amma likitan da ya sa hannu a kan abin da ya san ba haka ba ne, wannan wata magana ce.

An soke takardar zamana. Ba takarda kuwa makaranta ba ta da ikon riƙe ni. Za su ba ni sakamakon shekarun da na yi, ban da shaidar kammalawa. Lucy ta ce wataƙila wata jami'a a wata ƙasa ta karɓi wani ɓangare, ban sani ba, ban da ƙarfin tunaninsa yanzu. An ba ni kwana goma. Zan sauka Abuja ranar sha biyu da azahar.

Jiya na kwashe kayana daga sashen yara. Mai taliya ya ƙi karɓar komai a hannuna tun ranar da abin ya faru. Tsohuwar kuma ta daina zama a benci idan ta ji saukowata.

Alfarma ɗaya nake nema. Kada Kawu ya san dalili. Ki ce an canza tsarin karatu, ko an ɗage jarrabawa, ke kin fi ni iya tsara magana. Abin da ya gani ya ishe shi.

Injin an gama shi. Na je an kunna a gabana, yana aiki.

Ikrama

*

Sakatariya, Abuja
5 ga Disamba

Ikrama,

Sallama. Inna lafiya. Na gaya mata daren jiya. Ba ta yi kuka a gabana ba, ta ce a share maka ɗakin baya.

Alfarmar da ka nema ban iya yi maka ba.

Tun da Kawu ya dawo bai sauko daga ruga ba, ko kasuwar shanu bai je ba. Ya rame, yana zama nesa da mutane. Yau da hantsi ina kan tebur sai masinja ya ce wani dattijo yana ƙasa yana nemana, ya ƙi hawa lifta. Na sauka na same shi ya hau bene uku da ƙafa, ya tsaya yana haki. Na ba shi kujera ya ƙi zama. Bai tambayi Zuhra ba, bai tambayi aiki ba, ka san kuwa Kawu sai ya yi minti goma sha biyar yana gaisuwa kafin ya taɓa magana.

Ya ce a inda aka tsare su akwai wani ɗan Kano da ya daɗe a ƙasar, shi ya bayyana masa abin da ake yi wa mai masauki. Ya ce kwana goma sha bakwai yana jira wani a cikinmu ya faɗa masa gaskiya, kowa sai sannu da zuwa.

Sai ya ce, "Saudatu, yaron nan, ni na kashe masa karatu?"

Na riga na shirya zancen ɗage jarrabawa tun a bas. Amma na kasa yi masa ƙaryar. Na ce, "An kore shi, Kawu. Amma ba kai ba ne, ni ce. Ya rubuto tun kafin ka tashi, ni na ɓoye maka."

Ya ce, "Ya gaya mini da bakinsa. Na ce masa me na sata."

Daga nan ya zauna a kan matakala, a gaban masinja da kowa, ya cire malfarsa ya rufe fuska da ita. Ban taɓa ganin kansa a buɗe ba, duk ya yi fari. Na zauna kusa da shi, ma'aikata suna ratsa mu suna wucewa.

Ya ce ranar sha biyu shi zai je filin jirgi. Na ce ya bari ni da Abban Zuhra mu je, ya ce a'a, shi zai ɗaukar maka jaka. Idan ya miƙo hannu, don Allah ka sakar masa.

Addarka,
Saudatu